Babi na Shida: 'Yar Tsana Mai Kukan Dare

Ranar Juma'a, da an kaɗa ƙararrawar tashi, nas ɗin makaranta za ta miƙa wa yarinya jaririya, ta ɗaura mata wani ɗan abu a wuyan hannu, ta ce da ita sai Litinin. Jaririyar ta roba ce, amma nauyinta na sabuwar haihuwa ne, kuma akwai 'yar na'ura a cikinta. Yunwa ta sa ta kuka, ɓata famfas ya sa ta kuka, wani lokaci kuma so take a jijjiga ta, ko a bubbuga mata baya ta yi gyatsa. Ba ruwanta da ƙarfe biyun dare. Abin da aka ɗaura a hannu shi ke nuna cewa wadda aka ba renon ce ta tashi, ba ta tura wa uwarta ko yayarta ba. In an bar ta ta yi ta tsala ihu, na'urar ta rubuta. In an ɗauke ta ba a tallafi wuyanta ba, ta rubuta. In haushi ya sa an girgiza ta, wannan ma ta rubuta. Litinin da safe yarinya ta dawo idanu jajur, nas ta karɓi 'yar tsana ta duba sakamako.

Wani injiniya ne a Amurka ya ƙera ta a 1993, kuma hikimar a fili take: 'yar shekara 14 da ta kwana uku tana fama da kuka za ta san reno ba wasa ba ne, sai ta kama kanta. Wa zai ji wannan ya ce ba dabara ba ce? Malamai sun so ta, iyaye sun so ta, 'yan jarida kuwa ba a magana, don abin yana kyau a hoto. Kafin a ankara ta shiga makarantu a ƙasashe 89.

Sai wasu masu bincike a jihar Ostireliya ta Yamma, ƙarƙashin jagorancin Sally Brinkman, suka ce bari a gwada. Suka ɗauki makarantun sakandare 57 a birnin Perth, suka raba su biyu da ƙuri'a: 28 aka kai musu shirin 'yar tsanar, 29 suka ci gaba da darasin lafiyar da suka saba. Tsakanin 2003 da 2006 'yan mata 1,267 suka shiga daga rukunin farko, 1,567 daga na biyu, dukkansu masu shekara 13 zuwa 15. Daga nan masu binciken suka yi abin da ba kasafai ake yi ba, wato haƙuri. Jira suka yi har kowace yarinya ta cika shekara 20, sannan suka bi kundin asibitocin haihuwa da na wuraren zubar da ciki suna ƙirgawa.

A 2016 sakamakon ya fito a mujallar likitoci ta Lancet. Cikin waɗanda suka yi renon 'yar tsana, kashi 8 cikin 100 sun haihu kafin shekara 20. Cikin waɗanda ba su taɓa ta ba, kashi 4. Zubar da ciki kuma kashi 9 ne a can, kashi 6 a nan. In an haɗa, kashi 17 na masu reno sun ɗauki ciki aƙalla sau ɗaya, na ɗaya ɓangaren kusan kashi 11. An yi gudun gara, an faɗa gidan zago.

Kamfanin da ke sayar da 'yar tsanar ya ce ba a bi cikakken tsarin karatunsa ba. Wasu masana kuma suka nuna cewa kusan rabin 'yan matan da aka gayyata ne kawai suka yarda su shiga binciken, don haka a bi alƙaluman a hankali. Duka maganganu ne masu kama hankali. Amma ko yaya aka matse sakamakon nan, ba wanda ya iya tatso amfani daga cikinsa. An yi hasashen cewa wasu yaran daɗin abin suka ji: a gida ana ta lallaɓa su, a hanya ana tsayawa ana leƙa jaririya, ga shi kwana uku ba su isa su nuna wa mutum abin da shekara uku ke nunawa ba. Wasu har shaƙuwa suka yi da robar.

To me ya sa aka yi shekara fiye da ashirin ana sayen ta? Domin an sha auna ta, kuma ta sha cin jarrabawa. Irin jarrabawar ce matsala. Ranar Litinin ɗin nan da yarinya ta dawo a galabaice sai a miƙa mata takarda: kin gane reno na da wuya? Na gane. Za ki jinkirta haihuwa? Ƙwarai kuwa. A tattara takardu, a rubuta rahoto, a ce an yi nasara. Abin da aka auna shi ne bakin yarinya a gaban babba, kuma duk wanda ya taɓa zama yaro ya san amsar da ake ba babba.

Wannan ba halin yaran Turawa kaɗai ba ne. A yankin Mwanza na Tanzaniya an yi wani babban gwaji daga 1998 zuwa 2002, mai suna MEMA kwa Vijana, wato abubuwan alheri ga matasa. An raba al'ummomi 20 da ƙuri'a, malaman firamare suka riƙa koyar da darussan lafiyar haihuwa, da wasan kwaikwayo da taimakon ɗalibai 'yan uwansu, an kuma horar da ma'aikatan asibiti su daina hantarar matasa. Shiri ne da aka yi shi da kyau, ba na a ci kuɗi a tashi ba. Matasa fiye da 9,000 aka bi. Da aka zo awo, sani ya ƙaru sosai, kuma samari musamman sun ba da amsoshi masu daɗin ji game da halayensu. Amma masu binciken ba su tsaya ga baki ba, sun gwada jini da fitsari. Nan kuwa babu wani bambanci tabbatacce, ko a ɗaukar ciki ko a cututtuka. Har an sami 'yan matan da gwaji ya nuna suna da juna biyu, ko suna ɗauke da cutar sanyi, amma a takarda sun ce ba su taɓa sanin namiji ba. Ba na zargin su. Ni ma da ni ne, baƙo da biro ba zai ji sirrina ba.

Akwai wani ramin da ya fi wannan zurfi, kuma masu gaskiya ma suna faɗawa. A Amurka, a 1991, cikin kowace 1,000 ta 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19, kusan 62 ne suka haihu. Zuwa 2023 adadin ya sauko zuwa 13. Shekara talatin abin yana gangarowa, a garin da aka yi shiri da garin da ba a yi ba. Duk wanda ya buɗe shiri a cikin shekarun nan, ya ƙirga kafin ya fara, ya sake ƙirgawa bayan ya gama, zai ga raguwa, ko da rawa kawai ya koya wa yaran. Kamar mutum ne ya fita roƙon ruwa a tsakiyar Agusta, ya dawo jiƙe sharkaf yana karɓar gaisuwa.

Saboda haka dole a sami waɗanda za a kwatanta da su. Amma su wa? Manomin da ke son sanin ko sabon taki yana aiki, in ya zuba shi a fadama ya bar jigawa haka nan, me ya gano? Ya gano fadama ta fi jigawa, abin da kakansa ma ya sani. Haka shirin makaranta yake. Yarinyar da ke ɗaga hannu ta ce za ta shiga, wadda iyayenta ke sa hannu a takarda da wuri, wadda ba ta fashi, sau da yawa ita ce dama can ba za ta ɗauki ciki ba. Hedimastan da ke rige-rigen karɓar shiri shi ne dama makarantarsa ke tafiya daidai. Maganin wannan kuwa mun daɗe da saninsa a wani fagen. Idan an kasa gado kashi-kashi ana gudun son kai, ko 'yan adashi sun rasa wa zai fara ɗauka, ƙuri'a ake yi, don ƙuri'a ba ta san ɗan mowa ba, ba ta san ɗan bora ba. In ita ta raba makarantu, masu kyau da marasa kyau za su watsu a ɓangarorin biyu kusan daidai, duk bambancin da ya fito daga baya sai a jingina shi ga shirin da hujja.

Da wannan ma'auni aka auna shirye-shiryen wa'azin kame kai zalla da gwamnatin Amurka ta zuba wa kuɗi. Majalisar dokokinsu ce ta sa a yi binciken, kamfanin Mathematica ya bi yara fiye da 2,000 a shirye-shirye huɗu har shekara huɗu zuwa shida, rahoto ya fito a 2007. Kashi 49 na waɗanda suka shiga sun kame kansu. Na waɗanda ba su shiga ba ma kashi 49.

Tun kafin wannan, wasu sun riga sun fara tunanin cewa ba a nan gizo ke saƙar ba. A ganinsu yarinya ba don rashin sani take faɗawa ba; rashin abin da za ta yi asara ne. Wadda ke hango jami'a ko sana'a a gabanta tana da dalilin taka-tsantsan, wadda ba ta hango komai kuwa sai abin da ya zo. Daga nan aka sami abin da ake kira shirye-shiryen raya matasa, waɗanda ba su cika zancen jima'i ba, sun fi ba da ƙarfi ga gina yaro gaba ɗayansa.

Biyu daga cikinsu suka yi suna. Na farko, Teen Outreach Program, ya faro ne a birnin St. Louis a 1978. Ɗalibai kan zauna sau ɗaya a mako tsawon zangon shekara suna tattauna rayuwa da wani babba, sannan kowa ya yi aikin gayya na aƙalla sa'a 20: taimako a asibiti, hira da mazauna gidan kula da tsofaffi, koya wa ƙanana karatu. Zancen jima'i ɗan kaɗan ne a manhajar. A 1997 Joseph Allen na Jami'ar Virginia da abokan aikinsa suka wallafa gwajin da suka yi da ɗalibai 695 a wurare 25. Ɗaukar ciki kashi 4.2 ne a cikin 'yan shirin, kashi 9.8 a cikin sauran, faɗuwa jarrabawa da korar wucin gadi ma sun ragu.

Na biyu na Dakta Michael Carrera ne, wanda ya kafa a unguwar Harlem ta birnin New York a 1984 tare da ƙungiyar Children's Aid Society. Wannan kam riƙo ne sosai. Yaro kan shigo yana shekara 13 zuwa 15, kusan kullum bayan an tashi makaranta yana can, har lokacin hutu, shekara da shekaru. Ana taimaka masa da aikin gida, a buɗe masa asusun banki a riƙa ba shi ɗan abin kashewa kan ƙananan ayyuka, a kai shi likita da likitan haƙori, a koya masa iyo da zane, a kuma yi masa bayanin jiki da tsarin iyali ba ɓoye-ɓoye. Kuɗin kowane yaro ya kai dala 4,000 a shekara. Gwajin ƙuri'a da aka wallafa a 2002 ya nuna bayan shekara uku kashi 10 na 'yan matan shirin ne suka ɗauki ciki, na waje kuwa kashi 22. A wajen samari ba a ga wani sauyi a wannan fannin ba, abin da masu tallan shirin ba su cika tunawa su faɗa ba.

Da labarin ya tsaya nan da an yi barci da minshari. Amma shiri mai kyau sai ya yi tafiya ake sanin ƙarfinsa.

Gwamnatin Ingila, wadda tun 1999 ta ɗaura yaƙi da yawan ɗaukar cikin 'yan mata, ta kwaikwayi tsarin Carrera daga 2004 zuwa 2007 a wurare 27. Sai dai ta yi masa gyaran fuska. Maimakon shekaru, shekara ɗaya. Maimakon yaran unguwa gaba ɗaya, sai aka ce malamai da ma'aikatan jin daɗin jama'a su zaɓo waɗanda suke ganin sun fi kusa da lalacewa, masu fashin makaranta da masu shaye-shaye da makamantansu, a tara su wuri guda. Wasu ma a lokacin darasi ake fitar da su. Kowane yaro ya ci wa gwamnati kimanin fam 2,500. Da aka auna, aka wallafa a 2009, kashi 16 na 'yan matan shirin sun ɗauki ciki, na wuraren kwatance kashi 6. Ba ƙuri'a ce ta raba wuraren ba, don haka mai yiwuwa 'yan shirin tun farko sun fi rauni fiye da yadda alƙaluma suka nuna, kuma masu kare Carrera suna da gaskiya in sun ce wannan ba shirinsu ba ne, sunansa kawai aka ara. Duk da haka akwai darasin da kowace uwa a Kano za ta gane ba sai an yi mata lissafi ba. Ka ware yarinya ka shaida mata cewa ita ce ake tsoron za ta lalace, sannan ka zaunar da ita cikin irinta su ashirin, me kake jira? Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Teen Outreach kuma a gida ya gamu da tasa. A 2010 gwamnatin Obama ta buɗe asusu na kimanin dala miliyan 100 a shekara, da sharaɗin cewa mafi yawan kuɗin zai tafi ga shirye-shiryen da bincike ya riga ya tabbatar, kuma za a sake auna da yawa daga cikinsu. Teen Outreach na cikin waɗanda aka fi ɗauka. Gwaje-gwaje biyar na ƙuri'a, da ɗalibai fiye da 17,000, suka fito a 2016, kuma galibinsu ba su ga wani bambancin kirki ba. An kawo dalilai: a wasu wuraren yaran sun yi ƙanƙanta har babu abin da za a rage, a wasu makarantun kwatancen ma suna da nasu darussan, a wasu ba a cika sa'o'in aikin gayyar ba, ga kuma zamani ya sauya tun 1997. Cikin gwaje-gwaje 41 na zagayen farko na asusun gaba ɗaya, 12 ne suka nuna sauyin hali. Masu adawa suka ce kun gani, asarar kuɗi. Ni a nawa ganin wannan na cikin kuɗin da aka fi kashewa da hankali a fagen nan, domin gwamnati ce ta biya aka gaya mata gaskiyar da ba ta so, ta kuma bari aka buga.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai daga yammacin Kenya ya fito, kuma babu na'ura a cikinsa. A 2003 Kenya ta soke kuɗin makarantar firamare, amma yunifom ya rage a wuyan iyaye, kimanin dala 6, wanda ga talakan ƙauye ba ƙaramin abu ba ne. Masana tattalin arziki uku, Esther Duflo da Pascaline Dupas da Michael Kremer, suka ɗauki makarantu 328 suka kasa su huɗu da ƙuri'a. Kashi ɗaya aka horar da malamansu kan manhajar gwamnati ta yaƙi da cutar ƙanjamau, wadda ke jaddada kame kai har aure. Kashi na biyu aka ba 'yan aji shida yunifom kyauta, bayan wata 18 aka ƙara musu wani. Kashi na uku aka haɗa musu duka biyun, na huɗu aka bar su yadda suke.

Yadda suka ƙirga ya cancanci a tsaya a kansa. Ma'aikaci zai shigo makaranta da jerin sunayen da aka rubuta tun ranar farko, ya tara ɗalibai, ya fara kira ɗaya bayan ɗaya. Wance? Tana nan, ga ta can. Wance? Ta koma wata makaranta. Wance fa? Sai aji ya yi tsit, can wata ta ce ta yi aure, wata ta ƙara da cewa ai ta haihu. Ya rubuta. Yarinya na iya ɓoye nata, amma 'yan ajinsu sun san wadda ta daina zuwa da dalilin dainawar. Sannan aka bi wasu gidajen don a tabbatar, aka kuwa tarar maganar yara ta yi daidai a mafi yawan lokuta. Ciki, ba kamar niyya ba, abu ne da ke fitowa.

Bayan shekara uku, horar da malamai shi kaɗai bai rage ɗaukar ciki ba. Yunifom kuwa ya rage barin makaranta tsakanin 'yan mata daga kashi 19 zuwa 16, ɗaukar ciki daga kashi 16 zuwa 13, aure da wuri ma ya ragu. Bayan shekara bakwai tazarar ta ragu amma ba ta ɓace ba. Riga da siket ne fa, ba a ce da kowa uffan game da namiji ba. Abin mamaki kuma, inda aka haɗa yunifom da darasin, raguwar cikin ba ta kai ta yunifom shi kaɗai ba, ko da yake can ne aka ga raguwar wata cutar sanyi daga baya. Ba wanda zai zauna a ofis ya hango wannan, sai an gwada. Duflo da Kremer, tare da Abhijit Banerjee, sun sami kyautar Nobel a 2019 saboda irin wannan salon bincike.

Kada a ɗauka magana ba ta da amfani sam. A cikin makarantun nan dai Dupas ta gwada wani ɗan darasi na minti 40 a makarantu 71, inda aka nuna wa 'yan aji takwas alƙaluman gwamnati cewa manyan maza sun fi samari sa'anninsu ɗauke da ƙanjamau nesa ba kusa ba. Ɗaukar ciki ya ragu da kashi 28 cikin 100, musamman cikin da magidanta masu ɗan abin hannu ke yi wa yara. Abin da aka gaya musu sabo ne a kunnensu, kuma abu ne da za su iya aiki da shi gobe. A gundumar Zomba ta Malawi kuma, kuɗin da aka riƙa ba 'yan mata da iyayensu duk wata a 2008 da 2009 ba tare da sharaɗi ba ya rage ciki da aure sosai, amma shekara biyu bayan an daina biya, bambancin ya zaizaye. Da ƙungiyar Cochrane ta tattara manyan gwaje-gwaje 8 na makarantu a 2016, masu ɗauke da mutum fiye da 55,000 kuma waɗanda suka auna ciki da cuta a zahiri, hukuncinta bai yi nisa da wannan ba: darasi shi kaɗai bai nuna tasiri ba, abin da ke riƙe yarinya a makaranta shi ya nuna alamar ragewa.

Mu a nan maganar tana da wata fuska, kuma duk wanda ya kwaso shirin Amurka bai lura da ita ba zai sha mamaki. A can, in an ce yarinya ta yi ciki, galibi ana nufin abin da mu za mu kira cikin gaba da Fatiha. A Arewa kuwa mafi yawan masu haihuwa a shekara 15 ko 16 a ɗakin mazajensu suke, da sadaki da shaidu, ranar suna a yanka rago. Damuwar ta jiki ce da ta karatu: doguwar naƙuda, jijjiga, yoyon fitsari, da littafin da aka rufe a aji biyar. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 19 na 'yan matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 19 sun haihu ko suna da cikin fari. A Legas kashi 1 ne, a Bauchi kashi 41. Cikin waɗanda ba su yi boko ba kashi 44, cikin waɗanda suka wuce sakandare kashi 1. Wato yarinyar da abin ya fi shafa ba ta cikin aji, balle darasin aji ya same ta, kuma shawarar ba a hannunta take ba, tana hannun uba da kawu da kaka.

Shi ya sa gwajin da Cibiyar Ilimin 'Ya'ya Mata da ke Zariya ta yi tare da masu bincike na waje ya cancanci a san da shi. Al'ummomi 18 aka raba da ƙuri'a. A rabinsu an zauna da masu unguwanni da malamai da iyaye tukuna, sannan aka tara 'yan matan da ba sa makaranta a ƙarƙashin wata babbar mace daga garin, aka koya musu karatu da lissafi, aka ɗauke musu nauyin shiga makaranta ko koyon sana'a. Bayan shekara biyu kashi 21 ne suka yi aure a garuruwan shirin, a sauran kuwa kashi 86. Tazara ce mai girma ƙwarai, har ta sa mutum ya so ya yi guɗa. Amma wanda ya ji abin da ya sami Carrera a Ingila, da abin da ya faru a Zomba bayan kuɗi sun ƙare, zai riƙe guɗarsa tukuna. Gari 18 ba yawa ba ne, shekara biyu ba nisa ba ce, kuma aikin da ƙungiya ɗaya mai kishi ta yi da mutanen da ta sani ba lalle ya fito haka ba in ya shiga hannun ma'aikata a ƙananan hukumomi ɗari.

Yanzu kuwa kuɗi sun shigo. Shirin AGILE na Bankin Duniya ya fara a 2020 da dala miliyan 500 a jihohi bakwai, ciki har da Kano da Katsina da Kaduna da Kebbi da Borno, aka ƙara masa miliyan 700 a 2023. Bashi ne, 'ya'yanmu za su biya. Ban da shi ga ƙungiyoyi barkatai, kowace da nata kulob ɗin 'yan mata.

Na halarci bikin rufe irin waɗannan shirye-shirye ba sau ɗaya ba. An kafa rumfa, an jera kujerun roba, 'yan mata sun sha hijabi iri ɗaya mai tambarin masu ba da tallafi. Wata mai kaifin baki ta fito ta karanta jawabin da aka rubuta mata, ta ce da tana cikin duhu yanzu ta waye, aka yi tafi. Wakilin hakimi ya sa albarka, jami'i ya karanto adadin waɗanda aka wayar wa kai, dubu kaza, aka raba lemo da shinkafa a roba, aka ɗauki hoto. Ban taɓa jin an karanta sunayen waɗanda aka fara da su ba, a ce wance tana ina. Waɗanda ke cikin rumfar su ne suka kai ƙarshe. Wadda aka ɗaura wa aure a zango na biyu ba ta zo ba, kuma ba kujerar da aka bari da sunanta.

Mai karatu, in kana cikin masu sa hannu a irin wannan aiki, ko malami ne kai, ko shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, ko kuwa gayyatar ka kawai aka yi, ga abin da nake roƙo. Tun kafin a fara, tunda dama kuɗin ba za su isa kowace makaranta a shekarar farko ba, ka nemi a zaɓa da ƙuri'a a bainar jama'a, wanda ya fi adalci a kan zaɓen ɗan majalisa. A rubuta sunan kowace yarinya a makarantun da suka samu da waɗanda ke jiran layi, a ajiye kwafi a wurin hedimasta da wurin mai unguwa. Sannan a ware tun yanzu kuɗin motar wanda zai dawo bayan shekara uku da takardar nan a hannunsa, ya tsaya gaban aji ya kira suna.